Tsara Maƙalar Bincike a Sassan Nazarin Harshe na Jami'o'in Doha

Maƙalar bincike, wato rubutun da ɗalibin jami'a ke yi domin amsa wata tambaya ta ilimi bisa hujjojin da wani zai iya bin sawunsu ya tabbatar, tana da matakai biyu da ba a cika ba su daraja ɗaya ba, matakin tsarawa da matakin rubutawa. Ɗalibai sun fi jin tsoron na biyu, alhali malaman da ke duba aiki sun san cewa yawancin maƙalun da suka rushe tun a na farko suka tsage. Birnin Doha na ƙasar Katar wuri ne da ya dace a nazarci wannan al'amari, domin cikin shekaru kaɗan an tara masa kayan aikin binciken harshe masu yawa, har wahalar ɗalibi ta tashi daga neman madogara ta koma zaɓe a tsakaninsu.

Jami'ar Katar ta samo asali daga kwalejin horar da malamai da aka buɗe a 1973, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma tana da sashen Larabci da sashen Ingilishi da kimiyyar harshe. An kafa Jami'ar Hamad bin Khalifa a 2010, wadda ke da cibiyar koyar da fassara da tafinta, sannan Cibiyar Doha ta Karatun Gaba da Digiri ta fara karɓar ɗalibai a 2015, inda Larabci ne harshen koyarwa, amma ana bukatar ɗalibi ya iya karanta Ingilishi. Saboda haka tambayar da mai bincike ke fara fuskanta ita ce da wane harshe zai rubuta, kuma gwamnati ma ta sa baki a kanta, tun daga umarnin 2012 da ya mayar da koyarwar wasu fannoni a Jami'ar Katar zuwa Larabci, har zuwa doka mai lamba 7 ta 2019 kan kare harshen Larabci. Wanda ya zaɓi Larabci zai tarar da kalmomin fannu da ba su daidaita ba, domin abin da masanan Maroko da Tunisiya ke kiran wani ra'i ba lallai ne ya zo ɗaya da na Masar ko Sham ba, don haka wajibi ne tun a tsari ya ayyana kalmomin da zai riƙe, ya kuma tsaya a kansu har ƙarshen aiki.

Takardar da ɗalibi ke fara miƙa wa malami mai dubawa ita ce tsarin bincike, wadda a al'adar jami'o'in Larabawa ta ƙunshi take, da matsalar bincike, da manufa, da bitar ayyukan da suka gabata, da hanyar gudanar da aiki, da kuma jerin babi-babi na wucin gadi. Wannan siga ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatu a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, kuma a duniyar Larabawa ta yaɗu ne ta hanyar littattafan jagora irin na masanin tarihin nan na Masar, Ahmad Shalabi, wanda ya fito a farkon shekarun 1950 aka yi ta sake buga shi. Matsalar bincike ita ce ginshiƙi, kuma ita aka fi ɓatawa, domin ɗalibai kan rubuta fage a inda ake bukatar tambaya. "Karin harshen Katar" fage ne da mutum zai ƙare rayuwarsa a ciki, amma tambayar ko matasan birni suna barin wani furuci na kakanninsu idan suna magana da baƙi tambaya ce da za a iya amsa ta cikin zango ɗaya ko biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma maƙalar da ta ɗauko tsarin sauti da ginin jimla da tarihin kalmomi a lokaci guda ba ta iya ba wa ko ɗaya haƙƙinsa.

Babban abin koyi ga ɗalibin harshe a wannan birni shi ne Ƙamusun Doha na Tarihin Harshen Larabci, wanda Cibiyar Larabawa ta Bincike da Nazarin Manufofi ta fara aikinsa a 2013, aka kuma buɗe kashinsa na farko a intanet a Disamba 2018, kashin da ya tsaya a shekara ta 200 bayan Hijira. Ƙamusun tarihi ya bambanta da na yau da kullum, domin bai wadatu da faɗin ma'anar kalma ba, sai ya nuna lokacin da aka fara samun ta da wannan ma'ana, da wanda ya yi amfani da ita, da kuma nassin da ya tabbatar da hakan, wanda malaman lugga ke kira shahidi. Masanin nan na Jamus, August Fischer, ya yi yunƙurin irin wannan aiki a Alƙahira amma ya rasu a 1949 bai kammala ba. Masu aikin Doha sun fara da tattara jerin madogara bisa tsarin shekaru, suka gina rumbun nassoshi a kwamfuta, suka kasa tarihi zango-zango, kafin su rubuta bayanin kalma ko ɗaya. Wannan jeri, wato iyakance farfajiya, sannan tara hujja, sannan rubutu, shi ne ainihin abin da ake nema daga ɗalibi, sai dai nasa ƙarami ne.

Ga Bahaushe mai nazarin kalmomin aro akwai amfani a nan, akwai kuma tarko. Joseph Greenberg a 1947 da Mervyn Hiskett a 1965 sun yi rubutu kan yadda kalmomin Larabci suka shigo Hausa, kuma a yau ɗalibi na iya duba asalin ma'anar kalma kamar "littafi" ko "alƙali" a Larabci cikin daƙiƙa kaɗan. Sai dai shekarar da ƙamusun ya bayar ta bayyanar kalmar ce a Larabci, ba ta shigarta Hausa ba, kuma ba ta nuna ko ta biyo ta bakin Barebari ko Buzaye ko ta littattafan malaman zaure. Wanda bai rubuta wannan iyaka a tsarinsa ba zai kai ga sakamakon da hujjarsa ba ta ɗauke shi ba, kuma dole ya haɗa da ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da rubuce-rubucen ajami kafin ya ce komai game da ɓangaren Hausa.

Bitar ayyukan da suka gabata ma ta sauya kama. Ɗakin Karatu na Ƙasa na Katar, wanda aka yi bikin buɗe shi a 2018, yana ba mazauna ƙasar damar shiga rumbunan mujallun ilimi, kuma ya haɗa hannu da Ɗakin Karatu na Birtaniya wajen sanya tsofaffin takardu da rubuce-rubucen hannu a intanet kyauta tun 2014. Yawan nan kan haifar da bitar da ba ta wuce jerin sunaye ba, wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, ba tare da nuna giɓin da sabon aiki zai cike ba. Bita ta gari tana tara ayyuka bisa saɓanin da ke tsakaninsu, kuma maƙala goma da aka karanta da kyau sun fi hamsin da aka leƙa tsakurensu kawai.

Mai binciken fili, wato wanda zai ɗauki muryoyin masu magana, yana da wasu lamurra da ba a barin su sai ƙarshe. 'Yan ƙasa tsiraru ne a Doha idan aka kwatanta da baƙi ma'aikata daga Indiya da Nefal da Filifin da Masar da ƙasashen Afirka, don haka tilas tsari ya fayyace wane ne mai magana da ake nufi, shekarunsa nawa, kuma a ina ya tashi. Haka kuma jami'o'in birnin suna da kwamitocin ɗa'ar bincike da sai sun amince kafin a yi hira da kowa ko a naɗi muryarsa, kuma wanda aka yi hira da shi sai ya yarda bayan an yi masa bayani. Samun wannan izini yana cin lokaci, saboda haka jadawalin da bai ware masa makonni ba, tare da la'akari da watan azumi da hutun bazara lokacin da mutane da yawa ke barin gari, jadawali ne da ba zai kai ɗalibi ranar miƙa aiki ba.