Zane Don Wa? Tsokaci a Kan Karatun Babban Digiri a Fannin Zane

A shekarar 1958 ne ɗaliban zane na Kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu, suka yi kira da a gwama fasahar gargajiya da ta Turai. Kiran ya yi tasiri, amma galibi a kan allon zane ya tsaya. Wato an ɗauko siffofi irin su dagi an kai ɗakin nuni, an bar maginin da ya gaje su a baya.

Masu wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa wata hanya suka bi. A 1977 suka kai Wasan Manoma ƙasar Soba, wasan da aka gina a kan matsalolin manoman kansu. Wannan shi ne darasin da nazarin zane yake bukata.

Batagarawa ta isa misali. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman duk a yankinta suke, alhali siminti da kwano suna ta cinye ginin ƙasa, zayyanar bango tana bin sa. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan wannan sana'a kamata ya yi ya durƙusa gaban magini, ya kwaɓa ƙasa, ya koyi shafen makuba, a kuma sa sunan malamin nasa a aikin. In ba haka ba, kundi ya ƙare a kan kanta, sana'a kuwa ta bi masu ita kushewa.