Sharhi a kan Sunayen da ake Fassarawa da "Kambi"

Littattafan fassarar sunaye sukan tara Istifanus da Tajuddini da sunayen Yarabawa masu farawa da Ade a rukuni ɗaya, a ce dukkansu ma'anarsu "kambi". Wannan jeri yana da sauƙin haddacewa, amma ya haɗa abubuwa uku da ba su da asali guda.

Istifanus ya fito daga kalmar Girkanci stephanos, wato zoben ganye da ake ɗora wa wanda ya yi nasara a gasa. A wasannin Olimpiya na zaitun ake yin sa. Abin da sarki yake ɗaurawa yana da tasa kalmar dabam, diadema. Saboda haka sunan, tare da 'yan'uwansa Etienne na Faransanci da Esteban na Sifaniyanci, yana nuni ne ga cin gasa. Ya kuwa bazu ta hanyar Istifanus, shahidin farko na Kirista.

Tajuddini kuma laƙabi ne na malamai kafin ya zama sunan yanka. Taj kalma ce da Larabci ya aro daga Farisanci, ita ce hular mulki, sai aka jingina ta ga addini don girmamawa. Da shi aka san Tajuddini Subki, mai Jam'ul Jawami'i, wanda ya rasu a 1370. Shi kuwa ade na Yarabawa kambin duwatsun ado ne da sarki yake sanyawa, kuma suna irin su Adebayo ko Adewale a asali shaida ce ta cewa yaron ɗan gidan sarauta ne.

Babban raunin jerin shi ne yakan bar gurbin Hausa fayau, har mai karatu ya ɗauka Bahaushe ba shi da irin wannan suna. Alhali sarkin Hausa naɗa shi ake yi, alamarsa rawani da tambari, kuma a nan ya kamata a nemi takwarorin. Tambari suna ne sananne, kamar na Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, 1924 zuwa 1931. Haka ma Yarima da Ciroma, sarautu ne da ake kiran yara da su.

Wannan batu ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci a wuri kamar Tagriss, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, inda Hausawa da Abzinawa suke zaune tare. Darasin farko na mai koyo shi ne rubuta sunansa, daga nan sai ya nemi ma'anarsa. In malami ya ce "kambi", kunnen manomi zai iya jin "kambu", layar da ake ɗaurawa a damtse. In ya ce "rawani", Ba'abzine ba zai ji mulki ba, domin tagelmust kowane baligi yana naɗa shi; abin da ke nuna shugabanci a wurinsa shi ne ettebel, gangar da ta yi tarayya da tambari a tushen Larabci, ɗabl.

Abin da ya dace shi ne kowane suna a zo da abin da aka ɗora a kan, da wanda aka ɗora wa, da dalilin ɗorawar. Ƙamus ɗin sunaye da za a kai Tagriss kuwa, a fara shi da Tambari.