Babi na Huɗu: Tarken Sabon Fasalin Manhajar Blender ta 2.80

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar manhaja da rabe-rabenta, aka kuma nuna bambancin da ke tsakanin manhajar da kamfani yake sayarwa da wadda jama'a suke haɗa hannu su gina. A wannan babi kuwa za a ɗora manhajar Blender a kan faifai, domin a auna gyaran fuskar da aka yi mata a fitowarta ta 2.80, wadda aka saki ranar 30 ga Yuli, 2019. Tambayar da babin yake neman amsawa ita ce, shin ana iya sauya fasalin manhajar da mutane suka daɗe da sabawa da ita ba tare da an watsa jama'arta ba? Za a yi awon ne da ma'auni uku, wato abin da gyaran ya yi wa baƙo, da abin da ya yi wa ɗan gida, da kuma abin da ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi.

4.1 Taƙaitaccen Tarihin Blender da Jama'arta

Blender manhaja ce da ake ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da kauri da ita a cikin kwamfuta, a yi musu launi, a haska su, sannan a motsa su har su zama fim irin na katun. Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, shi ne ya fara rubuta ta a shekarar 1994 domin amfanin cikin gida na kamfanin NeoGeo. A 1998 ya kafa kamfanin NaN domin bunƙasa ta, amma kamfanin ya durƙushe a 2002, manhajar ta maƙale a hannun masu zuba jari. Daga nan ne ya kafa Gidauniyar Blender, ya nemi masu amfani da manhajar su fanshe ta. Cikin mako bakwai suka tara Yuro 100,000, kuma ranar 13 ga Oktoba, 2002 aka saki tushen rubutunta a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ya ɗauka, ya gyara, ya kuma rarraba.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga tarken da za a yi, domin ya nuna cewa jama'ar Blender ba masu saye ba ne da za a miƙa wa kaya su tafi. Da kuɗinsu aka fanshe ta, kuma daga cikinsu ake samun masu koyar da ita da masu rubuta mata ƙananan manhajojin ƙari. Mai gyara irin wannan manhaja tamkar mai gyaran gidan gandu ne, ba ya rushe katanga sai ya ji ta bakin mazauna gidan.

4.2 Matsalar Tsohon Fasali

Da yake tun asali an gina Blender ne domin 'yan mutane kaɗan da suka san ta ciki da waje, ba a yi tunanin baƙo ba a wajen tsara fuskarta. Misali mafi shahara shi ne na linzamin kwamfuta. A kusan dukkan manhajoji, maɓallin hagu ake dannawa idan ana so a zaɓi abu. A Blender kuwa maɓallin dama ne yake zaɓi, na hagu sai dai ya ajiye wata 'yar ƙawanya mai launin ja da fari a inda aka danna. Saboda haka mai koyo yakan buɗe manhajar, ya yi ta danna siffar da ke gabansa ba ta amsa ba, ya rufe bai sake komawa ba. 'Yan gida suna da hujjarsu, cewa raba zaɓi da aiki a tsakanin yatsu biyu yana rage kuskuren ture abu daga wurinsa. Hujjar ba ta banza ba ce, sai dai ba ta isa kunnen wanda ya juya tun daga bakin ƙofa.

Haka kuma, yawancin ayyukan manhajar a ɓoye suke a bayan madannai, sai wanda ya haddace su yake iya kai wa gare su da sauri. Bugu da ƙari, wuraren da ake rarraba siffofi a cikinsu guda 20 ne kacal, a jere kamar 'yan akwatuna, kuma babu suna a jikin ko ɗaya. An yi wa manhajar babban gyara a jerin fitowar 2.5, tsakanin 2009 da 2011, amma waɗannan al'adu sun tsallake gyaran.

4.3 Zubi da Tsarin Sabon Fasali

Abu na farko da fitowar 2.80 ta yi shi ne mayar da zaɓi ga maɓallin hagu. Ta fuskar aikin injiniya wannan ba shi ne sauyi mafi wahala ba, amma ta fuskar ma'ana shi ne mafi girma, domin ya nuna cewa magina sun yarda su ajiye al'adarsu ta fiye da shekara 20 saboda baƙo. Na biyu, an jera kayan aiki a gefen hagu na allo, kowane da alamarsa, ta yadda mai koyo zai ga abin da a da sai ya haddace. Na uku, an kasa fuskar manhajar zuwa zauruka da sunayensu a saman allo, wato akwai zauren ƙira, da na sassaƙa, da na launi, da na motsa siffa. Na huɗu, an maye gurbin akwatunan nan 20 da tarkace-tarkace masu suna, waɗanda mutum yake iya ƙirƙirar iya yawan da yake so, har ya sa wani a cikin wani.

Idan aka dubi waɗannan sauye-sauye baki ɗaya za a ga jigonsu guda ne, wato fito da ɓoyayye fili. Wannan haɗin kai na manufa shi ne babban abin yabo a zubin, domin ba kwalliya aka yi don kwalliya ba. Akwai kuma sababbin abubuwa biyu da suka ƙara wa fasalin ƙarfi. Injin Eevee yana nuna haske da inuwa da launin siffa nan take yayin da ake aiki, maimakon a jira kwamfuta ta gama lissafi. Shi kuwa Grease Pencil an faɗaɗa shi ya zama cikakken kayan zanen hannu a cikin manhajar. A kan ma'auni na farko ke nan, wato na baƙo, gyaran ya ci nasara.

4.4 Yadda Aka Tafi da 'Yan Gida

Ba a yi aikin a ɓoye ba. Daga Afrilu zuwa Yuni na 2018 an tara magina a birnin Amsterdam domin su zauna wuri guda su tura aikin gaba, kuma jama'a sun taimaka da kuɗin zaman. A watan Nuwamba na 2018 aka saki fitowar gwaji, ta yi kimanin wata takwas a hannun mutane kafin a kammala. Har ila yau, an shirya gajeren fim mai suna Spring, wanda ya fito a Afrilun 2019, da manhajar tun tana kan gini, saboda haka masu zane na gaske ne suka fara cin karo da kurakuranta.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ƙofar da aka bari a buɗe. Duk wanda ya kunna 2.80 a karon farko yana tarar da wani ɗan allo da yake tambayarsa da wane maɓalli yake so ya riƙa zaɓi, da kuma wane tsarin madannai yake so: sabo, ko na tsohuwar fitowar 2.7, ko wanda ya yi kama da na sauran manhajojin sana'ar. Ta haka ɗan gida bai rasa abin da hannunsa ya saba da shi ba, abin da ya rasa kawai shi ne matsayin al'adarsa na zama dokar kowa.

Za a fi gane darajar wannan dabara idan aka kwatanta ta da abin da ya faru da GNOME, wadda fuska ce ta kwamfutoci masu aiki da Linux, kuma ita ma jama'a ne suke gina ta. A fitowarta ta 3.0, a watan Afrilu na 2011, an cire jerin tagogin da ke ƙasan allo da maɓallan ƙanƙanta taga da faɗaɗa ta, kuma abin da aka bar wa masu son tsohon fasali bai gamsar da su ba. Sakamakon haka wasu suka ɗauki tsohon tushen suka ci gaba da shi da sunan MATE, masu Linux Mint suka gina Cinnamon, shi kansa Linus Torvalds ya koma Xfce na wani lokaci. Sai a 2013, a fitowar 3.8, aka kawo wani yanayi mai kama da na da. Ba a nan ake cewa fasalin GNOME 3 ba shi da kyau ba. Abin lura shi ne, a manhajar da kowa yake da ikon ɗaukar tushenta, wanda aka ƙi saurara ba ya tsayawa gardama, gefe yake komawa ya kafa nasa gida.

4.5 Naƙasun Gyaran

Duk da wannan yabo, akwai wuraren da Blender ba ta bi dabarar tata ba, kuma a nan ne naƙasun suke. Na farko, an cire injin ƙera wasannin kwamfuta da ke cikinta ɗungurungum, haka ma tsohon injin fitar da hoto. Magina suna da uzurin cewa ba su da isassun hannuwan da za su kula da komai, amma waɗanda suka gina ayyukansu a kan injin wasannin ba su da ƙofar komawa a cikin sabuwar fitowar. Abin da ya sami GNOME shi ya faru a nan a ƙaramin mataki, domin masu son injin sun ci gaba da shi a wani reshe dabam mai suna UPBGE.

Na biyu, an sauya hanyar da ƙananan manhajojin ƙari suke magana da uwar manhajar, saboda haka waɗanda aka rubuta wa 2.79 sun daina aiki sai an sake gyara su. Wanda marubucinsa ya riga ya bar shi, shi ke nan ya mutu. Na uku, darussan da jama'a suka ɗauki shekaru suna tarawa sun tsufa a rana guda. Madannin tazara, wanda a da yake buɗe wurin bincike, ya koma kunna motsi, binciken ya koma F3. Haka kuma yawan tsarin madannai da aka yaba a baya yana da nasa farashin, domin malami zai ce a danna kaza, ɗalibi ya danna ya ga wani abu dabam. Wannan ya nuna cewa ko barin ƙofa a buɗe ba kyauta ba ne.

Na huɗu shi ne wanda ya shafi ma'auni na uku. Fitowar 2.79 tana aiki da katin hoto mai ɗaukar OpenGL 2.1, ita kuwa 2.80 sai mai ɗaukar 3.3 zuwa sama. Ga kamfanin fim wannan ba komai ba ne, amma ga ɗalibin da ya zaɓi Blender domin kyauta ce, wanda kuma tsohuwar kwamfuta ta hannu ce ƙarfinsa ya kai, sabon fasalin bai ma buɗe ba balle ya ga kyansa. Gaskiya ne an bar tsofaffin fitowa ga mai so ya ɗauka, sai dai sababbin darussa da sababbin kayan ƙari duk sun bi sabuwar. Gyaran da aka yi domin jawo baƙo ya jawo baƙo mai hali, ya bar wani baƙon a waje.

4.6 Batun Nasarorin da Suka Biyo Baya

Ana yawan kafa hujja da abubuwan da suka biyo baya a nuna cewa gyaran ya yi daidai. A watan Yuli na 2019 kamfanin Epic Games ya ba da sanarwar tallafin Dala miliyan 1.2 ga Gidauniyar Blender, kamfanin Ubisoft ma ya shiga cikin masu tallafawa. A watan Maris na 2025 fim ɗin Flow na Gints Zilbalodis, ɗan ƙasar Latbiya, wanda aka yi da Blender, ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun. Ya kamata a yi hattara da wannan hujja, domin ba za a iya raba rabon sabuwar fuska da rabon injin Eevee ko na kasancewar manhajar kyauta ba. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne, gangar jikin jama'ar ba ta tsage gida biyu ba. Haka kuma, fara sakin fitowa mai dogon tallafi na shekara biyu daga 2.83, a 2020, ya nuna gidauniyar ta fahimci cewa mai aiki yana bukatar ƙasa mai tsayawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an auna sabon fasalin Blender 2.80 da ma'auni uku. An ga cewa ya yi wa baƙo adalci ta hanyar fito da ɓoyayyun ayyuka fili, ya kuma yi wa ɗan gida adalci gwargwado ta hanyar bar masa zaɓi a kan abin da hannunsa ya saba da shi. An kuma ga cewa ya gaza a kan masu injin wasanni, da masu dogaro da tsofaffin manhajojin ƙari, da masu tsofaffin kwamfutoci. Amsar tambayar da aka buɗe babin da ita ke nan: ana iya sauya fasali ba tare da watsa jama'a ba, matuƙar an yi aikin a gabansu an kuma bar musu hanyar komawa, kuma duk inda aka toshe wannan hanya, a nan ake asarar mutane. A babi na gaba za a kawo sakamakon bincike da shawarwari.