Mai Gyaran da Ke Tambaya Kafin Ya Kwance

Ana tsaka da kallon fim, sauti ya cika falo, sai a ji "ƙas", amfilifaya ta ɗauke. A kunna, ta ɗan jima, ta sake. Yawancinmu nan take muke yanke hukunci cewa ta mutu. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Garin Kano da na daɗe ina kai wa kaya, shi kuwa cewa yake yi kare kanta take yi, kuma gaskiyarsa ne. Irin su Yamaha, Denon, Onkyo da Sony duk an ƙera su da wani ɗan sashe mai gadi, wanda ke lura da zafi, da yawan wutar da ake ja, da irin wutar da ke fita zuwa lasifika. Da ya ga abu ya wuce ƙima sai ya yanke. Wannan "ƙas" ɗin ƙarar makunnin ciki ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya taɓa sukundireba sai ya yi tambaya. "Alhaji, yaushe take ɗaukewa? Da an kunna, ko sai an ƙara murya, ko sai ta jima?" Daga amsar yake gane inda ciwon yake.

Idan sai an ƙara murya, wayoyin lasifika yake fara zargi. Silin tagulla ɗaya tak, siriri kamar gashi, idan ya zame daga jan gurbi ya taɓo baƙi, ya isa ya kashe injin duka. Sai ya cire wayoyin gaba ɗaya, ya kunna ta ita kaɗai, sannan ya riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana. Wani lokacin ɓera ne ya ciji waya a bayan kujera. Sau da yawa kuma son ƙara ne ya jawo: mutum ya haɗa lasifika biyu masu om 8 a gurbi ɗaya, nauyinsu ya koma om 4, injin da aka yi don 6 ko 8 ya shiga jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Lissafi ne da dattijon nan yake yi da ka, ko takarda ba ya nema.

Idan kuwa sai ta jima take ɗaukewa, to zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe kafofin iska, an cusa ta cikin kabad, an ɗora dikoda a kanta, uwargida ta ƙara lulluɓa mata kyalle don ado. Buroshi da iska sun wadatar.

Sai maganar wutarmu. Tamu bolt 230 ce, amma da yawa daga kayan gwanjon da aka kawo daga Amurka na 120 ne, dole sai da taransifoma mai rage wuta, kuma idan ta yi ƙanƙanta ba za ta ɗauki nauyin ba. Ga wutar NEPA mai hawa da sauka, ga ƙaramin janareto da ke shaƙewa da zarar firji ya tashi.

Wadda ke ɗaukewa da an kunna, ba ko waya a jikinta, ita ce kaɗai yake buɗewa. Nan za ka ga hannu ya san aiki. Yana jona ƙwan fitila irin na da a kan hanyar wutar kafin ya kunna. Idan ƙwan ya haska sosai bai dushe ba, akwai abin da ya haɗe a ciki, kuma ƙwan ya tare wutar da za ta ƙara ɓarna. Sannan ya ɗora mita a gurbin lasifika, ya bi taransistocin da ke manne da ƙarfen shan zafi, ya duba kafasitar da ta kumbura da dalmar da ta tsage.

Na taɓa ganin wani matashi ya roƙe shi ya tsallake mai gadin kawai, don da biki a daren. Ya ƙi, ya ce masa, "Ɗana, in na cire shi, lasifikarka ce za ta ƙone kafin a kai amarya." Ya zauna ya canza taransista biyu, ya kunna ta har awa guda, yana ɗora bayan hannunsa a murfin lokaci-lokaci, sannan ya ce a ɗauka.