Wasan Kwaikwayo Tsakanin Fada da 'Yan Kwabo a Zamanin Elizabeth

A shekarar 1572 majalisar Ingila ta yi dokar da ta jefa 'yan wasan kwaikwayo cikin sahun 'yan yawon banza, waɗanda hukuncinsu bulala ne, sai fa wanda ke ƙarƙashin inuwar wani basarake. Dole kowace ƙungiya ta nemi ubangida. Bayan shekara huɗu, James Burbage, wanda asalinsa kafinta ne, ya gina gidan wasa a Shoreditch, can bayan gari inda ikon mahukuntan Landan bai kai ba. Su mahukuntan sun tsani harkar: a cewarsu tana janye 'yan koyon sana'a daga aiki, cunkoson kuma yana yaɗa annoba.

Fadar Sarauniya Elizabeth ta Farko, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603, ita ta tsaya wa 'yan wasan. Hujjarta kuwa ita ce sarauniya tana kallon wasa lokacin Kirsimeti, don haka sai an bar 'yan wasa sun goge a gaban jama'a tukuna. Sai dai fada kariya take bayarwa, abin sakawa a bakin salati daga 'yan kallo yake fitowa, har da talakan da ke biyan kwabo ɗaya ya tsaya a fili, ko rana ko ruwa.

A ganina, daga nan ƙarfin wannan adabi ya fito. Marubuci yana da iyayen gida biyu, kuma bai isa ya saɓa wa ko ɗaya ba. Mai ilimin Latin yana jiran zurfin magana, mahauci da ɗan dako suna jiran takobi da barkwanci, idan suka gaji kuwa, ga filin da ake haɗa karnuka faɗa da dabbar beyar nan kusa. Christopher Marlowe, wanda aka kashe a 1593 yana ɗan shekara 29, shi ya nuna cewa waƙa marar amsa-amo za ta iya cika dandali da ƙarfinta. William Shakespeare ya ɗora, ya sa sarki da mashayi a wasa guda, kowa da harshensa. Mata ba sa hawa dandali, yara maza ke fitowa a madadinsu, saboda haka sai kalmomi su ɗauki nauyin da fuska ba za ta iya ɗauka ba.

Inuwar fada tana da ƙaya. Edmund Tilney, jami'in shagulgulan fada, shi ke tace wasa kafin a nuna. A Fabrairun 1601 magoya bayan basaraken Essex suka ƙara wa ƙungiyar Shakespeare sule 40 don ta nuna wasan tuɓe Sarki Richard na Biyu a gidan wasa na Globe, washegari suka yi tawaye. Tawayen ya ci tura, aka yi wa ɗaya daga cikin 'yan wasan tambayoyi, ba a hukunta su ba. Ana gobe za a fille kan basaraken Essex, ƙungiyar ce ta yi wasa a fada.