Binciken malaman adabi a Yamai: da wane harshe, kuma domin wa?

Wanda ya duba kundayen binciken da aka tara a sashen adabi da ilimin ɗan Adam na jami'ar Yamai, tun kafuwarta a 1973, zai ga aiki mai yawa a kan harshen Hausa. An nazarci tsarin sautinta da ginin jimlarta, an tattara tatsuniyoyi da kirari da waƙoƙin makaɗa daga Gobir har Damagaram. Sai dai mafi yawan wannan aiki da Faransanci aka rubuta shi. Hausa tana shigowa ne a matsayin misali mai lamba, an yanka ta gaɓa-gaɓa, an jera fassara a ƙarƙashinta. Ana magana a kanta, ba a magana da ita.

Ba mu ce ragwanci ba ne. Malamin da ke ƙetare gadar Kennedy kowace safiya zuwa Harobanda yana da ɗalibai cike da aji, da takardun jarrabawa da zai duba, da iyali. Ɗan lokacin da ya rage masa, dole ya sa shi inda zai ƙara masa girma a wurin aiki. To ƙarin girman nan ta hannun CAMES yake bi, wato majalisar ilimi mai zurfi da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Masu auna takardunsa sun fito daga ƙasashe dabam-dabam, kuma harshen da ya haɗa su Faransanci ne. Maƙalar da aka rubuta da Hausa, komai kyanta, kaɗan ne daga cikinsu za su iya karanta ta. Malami ya san haka tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Asarar da ke cikin wannan ta fi yadda ake zato. Harshen da ba a yin nazari da shi ba ya samun kalmomin nazari. Ni kaina da Faransanci na rubuta kundina. Ran da aka ce in bayyana wa malaman lakwal abin da ya raba "suka zo" na Kano da "sunka zo" na Adar da Gobir, sai na ji bakina ya yi nauyi. Bayanin yana cikin kaina, amma kalmominsa na Turawa ne. Abin da ya cece ni shi ne kalmomin da aka saba da su a Kano da Zariya da Sakkwato, inda ake rubuta kundin digiri da Hausa: aikatau, wasali, karin sauti, ɗafi. Aro ne mai amfani, amma a kan daidaitacciyar Hausar Najeriya aka fi gwada su, kuma aikin gwada su a kan karin harshenmu yana nan yana jiranmu. Ko littafin da ya fi zurfi a kan Hausar Adar, wanda Bernard Caron ya fitar a 1991, Ba'adaren da bai yi lakwal ba ba zai iya karanta shi ba.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Ƙaramin ƙamus na Abdou Mijinguini, na 1987, an yi shi ne domin ya shiga hannun mai koyarwa da mai fassara, kuma ya shiga. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, da aka fara a Damagaram a 1973, irin wannan aiki suke buƙata daga jami'a, ga shi bai yawaita ba.

Abin mamaki, mutumin da aka sa wa jami'ar sunansa a 1992, Abdou Moumouni, tun 1964 ya rubuta cewa a koyar da ƴan Afirka da harsunansu. A 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Doka dai ba ta rubuta nahawu. Abin da sashen adabi zai iya farawa da shi bai kai tsadar gina sabon aji ba: kowane kundi a kan Hausa ya zo da cikakken taƙaitawa cikin Hausa, bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, kuma a yi wa ɗalibi tambayoyi a kanta ranar kare kundinsa.