Hoton Mutum Biyu: Gidajen Hoto na Bamako

Hoton da aka ɗauka a gidan hoto aikin mutum biyu ne, mai ɗauka da wanda ya zauna aka ɗauke shi. Duk wanda ya taɓa caɓa ado ranar sallah ya nufi gidan hoto ya san haka. Shi ya zaɓi rigar, shi ya karkata hular, mai hoto kuwa ya gyara masa zama, ya ce kada ya motsa. A ganina babu inda wannan sana'a ta nuna kamar birnin Bamako na ƙasar Mali, a hannun Seydou Keïta da Malick Sidibé.

Keïta ɗan kafinta ne, shi ma da aikin katako ya fara. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal da wata 'yar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ta ƙare a hannun yaron. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Kura. Galibi da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma saboda tsadar fim sau ɗaya yake ɗaukar mutum, ba ya maimaitawa. Wannan talauci shi ya horar da idonsa. Wanda ba shi da damar gyara kuskure dole ya gama hoton a zuciyarsa kafin ya taɓa kyamara: ina hannu zai zauna, yaya haɓa za ta ɗaga, ta wane gefe fuskar nan ta fi kyau.

Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane zanen gadonsa ne. Daga baya ya koma yadudduka masu zane-zane, kuma a nan gwanintarsa take. Mace za ta zo cikin atamfa mai furanni, ya ajiye ta gaban labule mai nasa zanen. Ka ce za su yi faɗa, amma sai su sasanta, fuskarta ta fito tsakiyarsu a natse kamar wata a daren sha huɗu. Ya kuma tanadi kayan da mutum zai ara: agogo, alƙalami, rediyo, kwat, babur Vespa, har da motarsa.

Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wasu sun kalli hotunan nan da wannan ido, wai kwaikwayon Turawa ne kawai. Ban yarda ba. Kafin zamanin Keïta, hoton Baƙar fata da ya fi yawo a Turai shi ne na katin gaisuwa irin waɗanda Edmond Fortier ya riƙa bugawa a Dakar, inda ake tsayar da mutum a rubuta ƙabilarsa a ƙasa, kamar samfurin haja. A tsakar gidan Keïta kuwa mutum da kuɗinsa ya zo, shi ya faɗi yadda yake so a gan shi. Saurayin da ya dafa rediyon aro ba ƙarya yake yi ba, burinsa yake nunawa, kuma hoton nan ƙauyensu zai aika da shi.

Sidibé ya fitar da kyamara waje. Bafulatani ne daga ƙauyen Soloba, ya yi kiwo yana yaro, kuma ido ɗaya gare shi mai gani. Bayan samun 'yancin Mali a 1960 ya riƙa bin samari da 'yan mata wuraren rawa da dare, ya kwana yana wanke hotuna, da safe su zo su zaɓa. Hotonsa na 1963 mai suna Daren Kirsimeti, inda wani saurayi da ƙanwarsa suke rawa goshi kusa da goshi, ita ba takalmi, ya ishe shi shaida. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a bajekolin fasaha na Venis, shi ne mai hoto na farko da ya same ta don aikin rayuwarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hotunan suka isa duniya. A 1991 aka rataya wasu hotunan Keïta a wani bajekoli a birnin New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, alhali yana raye a Bamako. Attajiri Jean Pigozzi ya gan su, ya tura André Magnin neman mai su, Sidibé ne ya duba ya gane hannun Keïta. Sunan mai hoto ya dawo, a 1994 aka baje aikinsa a Paris, inda kuma ya rasu a 2001.

Amma rabin aikin kawai aka mayar wa mai shi. Keïta bai riƙa rubuta sunayen masu zuwa wurinsa ba, don haka akasarinsu har yau ba suna. Hoton da asalinsa bai fi tafin hannu da kaɗan ba, wanda aka yi don a sa a akwati ko a jingina a ɗaki, an buɗa shi ya kusa tsawon mutum, ana sayar da shi kuɗin da mai atamfar ba ta taɓa riƙewa ba. Ita ta ɗaura ɗankwalin, ita ta zaɓi awarwaron, ita ta biya kuɗin ɗauka, amma takardar da ke ƙasan hoton sunan Keïta da shekara kawai ta ambata.